Masu jirgin igiya, ku ba iska baya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai shirin shiga gasar sarrafa ƙaramin jirgin sama da siraran wayoyin ƙarfe da ake riƙewa a hannu, rukunin da hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ke kira F2B, bari in faɗi abin da ya ci mini jirgina na farko.

Ranar na tsaya tsakiyar fili, mariƙi a hannu, wayoyi biyu sun miƙe har jikin jirgin, ban ko duba daga ina iska take busowa ba. Na ɗaga shi zai yi juyin zobe a ɓangaren da iskar ke fitowa. Sai ta turo shi gare ni, wayoyin suka saki. Da zarar sun saki kuwa, hannunka ba shi da sauran iko. Ina kallo ya daki ƙasa, aikin watanni ya tarwatse. Har yau abin yana min ciwo.

To, kafin ka tashi injin, tsinki ciyawa ka watsa sama ka ga inda ta nufa. Duk wani juyi, zobe ne, murabba'i ko siffar 8, yi shi iska tana bayanka, ita za ta riƙa ja maka wayoyin su tsaya tsam. In iskar ta sauya kana tsakiyar minti 7 ɗin da ake ba ka a gasar, kai ma ka sauya wurin juyin.

Wayoyin kuma, da tsawonsu ke kaiwa mita 21.5, bi su da tsumma kafin kowane tashi, wadda ta lanƙwashe ka canja ta. Kuma don Allah a nisanci wayoyin lantarki, naka ma ƙarfe ne.