Yadda za ki fara ɗinka wa jariri kaya da kanki a gida

Kayan jarirai su ne suka fi daɗin koyon ɗinki, don yadi kaɗan suke ci, ko ragowar ƙyallen da ya rage a wani ɗinkin ya isa. Amma akwai abin da nake so ki riƙe tun yanzu: a kayan jariri cikin rigar ya fi wajenta muhimmanci. Mu manya ado muke kallo, shi kuwa abin da ke taɓa fatarsa kawai ya sani, kuma fatar nan ba ta kai tamu kauri ba, ɗinki mai kaushi ko tsinin zare sai ki ga wurin ya yi ja.

Toh yadi dai auduga zalla za ki nema, mai laushi wanda iska ke shiga. Masu santsi da sheƙin nan na roba suna riƙe zufa, ki bar su. Kafin almakashi ya taɓa shi ki wanke ki shanya ki goge, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, in kuma mai zuba ne gara ya zubar yanzu da ya zuba a jikin yaro. Mutane da yawa suna tsallake wannan don ɗoki, sai an gama ɗinki an wanke a ga wando ya ɗage.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, tef ɗin awo, alli, fil, dutsen guga, sai allura lamba 11 ko 12 don yadi marar nauyi. In yadin mai miƙewa ne irin na singileti, akwai allurarsa daban mai ɗan dakusasshen baki wadda ba ta huda zaren yadin, kuma ɗinkin zigzag yake so, miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake yi da an ja.

Ki fara da ƙyallen tumbuɗi, wanda ake ɗorawa a kafaɗa in za a sa yaro gyatsa. Ki yanka yadi santimita 25 faɗi, 50 tsawo, ki yanka tawul mai laushi daidai shi, ki haɗa su fuska da fuska, ki bi gefe da ɗinki kina barin santimita 1, sai ki bar ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu ba ki ɗinke ba. Ki datse kusurwoyin huɗu kaɗan ba tare da kin taɓa ɗinkin ba, ki juyo da shi ta wannan ƙofar, ki goge, ki sake bin gefen ta sama ki rufe ƙofar gaba ɗaya. Shikenan. Ki yi kamar guda biyar, kafin ki gama hannunki ya saba da tafiyar keke.

Daga nan sai wando, kuma nan ne zan daɗe. Ki samo wandon jariri da aka saya, ki ninka shi biyu hantsar ta fito waje, ki kwantar kan takarda ki zana, ki ƙara santimita 1.5 a gefe, 3 a ƙugu saboda gidan roba, 2 a bakin ƙafa. Dan Allah ki ƙara zurfin hantsa da tsawon baya, don famfas na cin wuri sosai, wandon da bai bar masa wuri ba da yaro ya zauna sai ya zame. Ki ninka yadi ki ɗora miƙaƙƙen gefen takardar a kan ninkin, ki yanka guda biyu, kowanne ƙafa ɗaya kenan.

Yanzu ga dabarar da ta fi komai amfani, musamman ga mai keken da ba ya zigzag, wato ɗinkin Faransa. Maimakon fuska da fuska, baya da baya za ki fara haɗawa, ki ɗinka a rabin santimita, ki rage bakin da almakashi, ki goge, sannan ki juya baibai ki sake ɗinkawa a santimita 1 yadda ɗinkin farko zai shige ciki ya ɓuya. Kinga babu bakin yadi mai zarewa, babu abin da zai goge cinyar yaro, kuma yana jure wanki, kayan jariri kuwa kusan kullum a cikin ruwa suke. Aiki biyu ne, na sani, amma wallahi ya cancanta. A lanƙwasar hantsa ki tafi a hankali, ki riƙa tsayawa allura na ƙasa kina ɗan juya yadin.

Roba ki nemi mai faɗi mai laushi, siririyar tana shata ciki. Ki auna cikin yaron bayan ya sha nono ba kafin ba, yadda yatsunki biyu za su shiga. Sabon haihuwa da cibiya ba ta faɗi ba, takan ɗauki sati 1 zuwa 3, kada roba ta hau kanta sam.

In kin kai ga riga, ki tuna kan jariri babba ne a kan jikinsa, kewayensa wajen santimita 35 ne ranar haihuwa, don haka ki buɗe kafaɗa ko gaba ki sa maɓalli mai dannawa, kuma ki ja shi da ƙarfi ki gwada. Duwatsun ado, ƙananan botira, igiya a wuya, duk ki haƙura da su komai kyansu, yaro komai ya samu baki yake kaiwa, igiya kuma tana iya shaƙe shi. Filo da bargo mai kauri ma ki ajiye ɗinkinsu sai gaba, likitocin yara sun ce kada a sa su a gadon yaron da bai shekara ba.

Kada ki tara masu girman sabon haihuwa da yawa, wajen wata 5 yawanci nauyinsa ya ninka na haihuwa, ki yi biyu ko uku, sauran ki yanka su da girma ki kalmashe ƙafar, in ya miƙe ki warware. In kuma keke ya fara tara zare a ƙasan yadi, kada ki taɓa kwarkwaro, wato abin da ke riƙe zaren ƙasa, tukuna, yawanci zaren sama ne bai zauna ba, ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi ki zare shi ki sake sakawa daga farko.