Yadda ake samun nama mai kyau ta hanyar sanin irin zaren tsoka

Kowace tsoka haɗaɗɗun zaruruwa ce siri-siri, kuma zaren iri biyu ne manya. Jan zare yana cikin tsokar da ba ta hutawa, kamar kumatu, wuya da ƙauri. Siriri ne, yana aiki da iskar da jini ke kawo masa, yana cike da sinadarin mayogulobin mai ba nama launi, kuma ya fi riƙe kitse. Farin zare kuwa kakkaura ne, na zabura da tsalle, abincinsa sikarin da ke ajiye a tsoka, wato gilaikojin. Akwai na tsaka-tsaki. Dubi kaza: ƙirjinta fari, cinyarta ja.

Mataki na farko na samun nama mai kyau, a hutar da dabba kafin yanka. Tsokar dabba mai rai tana kusan 7.0 a ma'aunin tsami na pH. Bayan yanka, sikarin nan yana rikiɗa ya zama asid, tsami ya ƙaru, wato pH ya sauka zuwa 5.5 ko 5.7 cikin awa 24 zuwa 48. Wannan tsamin ne ke ba nama launi mai haske, yana kuma rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. San da aka ɗauko daga kara ta Potiskum ko Maigatari, ya kwana biyu a mota zuwa Legas cikin yunwa da duka, ya riga ya ƙone sikarinsa. In aka yanka shi nan take, pH zai tsaya sama da 6.0, naman ya yi duhu, ya yi ƙanta, samansa ya bushe yana danƙo a hannu, kuma ya yi saurin wari. Mai saye sai ya ɗauka tsohuwar saniya ce, alhali wahala ce. A ba dabba inuwa da ruwa na awa 12 zuwa 24. In tafiyar ta yi tsawo, a ƙara kwanaki tare da abinci, domin sikarin ba ya dawowa a dare ɗaya. Kada a haɗa bijimai baƙin juna a shinge guda, faɗa da hawan juna na cinye sikarin kamar tafiya.

Kaji na nama matsalarsu akasin haka ce. Ƙirjinsu kusan duk farin zare ne, in suka sha zafi da firgita dab da yanka sai pH ya faɗi da sauri, tsami ya ƙaru nama na da ɗumi. Naman ya koɗe, ya yi laɓe-laɓe, ya riƙa tsiyayar ruwa. A yanka su da sanyin safiya, a sanyaya da wuri.

Na biyu, sanyayawa. Naman sa da na rago ba sa son gaggawar sanyi. Jan zare yana takurewa in sanyi ya kai ƙasa da digiri 10 kafin nama ya gama sanƙarewa, kuma taurin nan dahuwa ba ta warware shi sosai. Kada zafin nama ya sauka ƙasa da digiri 10 a awa 10 na farko. Masu jefa naman layya cikin firiza da ɗuminsa su kula da wannan.

Na uku, ajiya. Mai ɗakin sanyi da wuta tsayayya ya rataye nama a digiri 0 zuwa 4 na kwana 7 zuwa 14, sinadaran cikin tsokar za su sassauta zaren da kansu. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Bokoloji da Rahaji, sun fi buƙatar haka, don jikinsu na da yawan sinadarin da ke jinkirta wannan laushi. In babu tabbacin wuta, kada a gwada.

Na huɗu, kowace tsoka da girkinta. Wuya, kumatu da ƙauri suna da daɗi amma jijiya ta yi musu yawa, sai farfesu a wuta kaɗan na awa 2 zuwa 3 har jijiyar ta narke. Tsokar gadon baya ita ce ta tsire da balangu, a yanka ta a gicciye don zaren ya gajarce. Kilishi kuwa cinya yake so, zarenta dogo ne, tana shimfiɗuwa ba ta yagewa, kitsenta kaɗan. Tsoka mai yawan ja da maiƙo tana saurin canja ɗanɗano in kilishin ya daɗe a ajiye, saboda haka a fere kitse tas kafin a shanya.