Yadda malamai za su mai da zauren WhatsApp wurin ƙaro sani

Kusan duk malamin da ke riƙe da babbar waya yana cikin zauruka uku ko huɗu na malamai. In ka buɗe su, gaisuwar Juma'a za ka tarar, da sanarwar ɗaurin aure, da tambayar ko albashi ya shiga. Duk suna da muhallinsu, amma ba su ne za su gyara darasin gobe ba. Zauren da ke ƙara wa malami ƙwarewa sai an kafa shi da niyya.

A fara da yawan mutane. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram kuma har 200,000, sai dai yawan ba shi ne alherin ba. Mutum 15 zuwa 25 masu koyar da fanni ɗaya sun isa, misali malaman lissafi na firamare 3 zuwa 6 a ƙaramar hukuma guda. In aka zarce haka, mutum biyar ne za su riƙa magana, sauran su zama 'yan kallo. Kada a sa hedimasta ko jami'in duba makarantu a ciki. Ba raini ba ne: sabon malami ba zai taɓa cewa "ban iya wannan ba" a gaban mai rubuta rahoto a kansa ba. A buɗe musu zauren sanarwa daban.

A naɗa masu kula biyu, a rubuta ƙa'ida a bayanin zauren: ban da siyasa, ban da talla, ban da saƙon "tura wa mutum goma". Sannan a tsai da lokaci guda a mako, kamar bayan isha'i ranar Asabar, awa ɗaya, a kan matsala ɗaya tak. A riƙa karɓa-karɓa wajen kawo matsalar, don kowa ya san ranarsa na zuwa.

Yadda aka yi tambayar shi ne ƙashin bayan abin. "Ta yaya zan koyar da ɗebewa?" ba ta jawo komai sai dogon wa'azi. Dubi wannan kuwa: "Assalamu alaikum malamai. 'Yan aji uku ne, su 70. In na ba su 52 a ɗebe 27, yawancinsu 35 suke rubutawa. Ga hoton allo." Duk wanda ya daɗe da alli a hannu zai gane ciwon nan take. Yaran suna cire ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, 2 daga 7, sannan 2 daga 5, don ba su fahimci aro ba. Sai wata malama ta ce a yanka tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma da roba, a ba yaro ƙulli biyar da tsinke biyu a ce ya fitar da 27. Dole ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa, ya ƙirga abin da ya rage ya ga 25. Wanda ya yi tambayar ya gwada ranar Litinin, ya dawo ya faɗi yara nawa suka ci, nawa suka sake kuskuren. Wannan dawowar ce zauruka da yawa ke tsallakewa, shi ya sa shawarwari ke tashi a banza.

Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, don na minti bakwai ba mai saurarensa. A shiga saitin waya a kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, in ba haka ba data da ma'ajiyar waya za su ƙare kan abin da ba a nema ba. Tsarin darasi da takardun tambayoyi kan nutse cikin hira a WhatsApp, saboda haka a buɗe tashar Telegram ko ma'ajiyar Google Drive a riƙa ajiye su, kowanne da sunan aji da zango da mako, a maƙala adireshin a saman zauren.

Don kada ruwan ya zama kwantacce, a wakilta mutum ɗaya ko biyu su riƙa kamo sabon abu daga waje. Akwai kayan koyarwa na TESSA, waɗanda aka tsara wa malaman Afirka kuma kyauta ne, da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022, da shafin TeachingEnglish na British Council a Facebook ga malaman Turanci. Duk abin da aka samo a YouTube a auna shi da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, tukuna, a kuma tambayi kai ko zai yiwu a aji mai yara 70 da babu lantarki. Sanarwar horo ko jarrabawa kuwa, a tabbatar da ita a shafin TRCN, hukumar rajistar malamai, ko na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna kafin a biya ko sisi.

Hoton yara amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora amfani da bayanan yaro a kan yardar iyaye ko mai riƙonsa. A ɗauki littafin aiki a rufe sunan, ko a ɗauki hannuwa da kayan aiki ban da fuska. Sakamakon jarrabawa mai ɗauke da sunaye kada ya shiga zaure sam.

'Yan damfara ma suna son zaurukan malamai. Mutum zai kira ka da sallama da ladabi, ya ce daga zauren yake, za a yi taro ta Zoom, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa ya ƙwace shi, ya hau roƙon abokan aikinka kuɗi da sunanka. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu ya sa lambar sirri, masu kula kuma su kunna tantance sabbin shiga, su fitar da duk lambar wayar da aka ƙwace nan take har sai mai ita ya dawo da ita.