Yadda Ake Kamo Tashoshin Talabijin Na Kyauta Da Eriya A Amurka

Tun ranar 12 ga Yuni 2009 manyan gidajen talabijin na Amurka suka koma dijital. Shi ya sa yanzu tasha guda takan haifi 'ya'ya: a New York, 13.1 ita ce babbar tashar PBS, wato gidan talabijin na jama'a, 13.2 kuma shirye-shiryen yara ne dare da rana. Ba kuɗin wata, ba kati, ba intanet.

1. Nemi ƙaramar eriyar ɗaki mai kama VHF da UHF duka, wato zango biyun da tashoshi ke watsa sigina a kai. Kada tsada ta ruɗe ka, idan kana cikin gari, eriya mai araha ma ta wadatar.

2. Duba bayan talabijin, za ka ga wata zagayayyar kafa mai zare, an rubuta ANT IN. Murɗa wayar eriyar a nan har ta kama tsam.

3. Nan ne aikin yake. Liƙa eriyar a jikin taga, can sama, ta fuskanci inda turakun watsa shirye-shirye suke. Misali a New York, mazauna yankin Bronx su juya ta wajen yankin Manhattan. Katangar kankare da ƙarfe suna tare sigina, don haka kada a cusa ta bayan firij ko ƙasan tebur.

4. Ɗauki rimot, shiga saituna, zaɓi Antenna maimakon Cable, sannan danna Auto Scan don talabijin ya binciko tashoshi da kansa. Ba shi 'yan mintoci, kada ka katse shi.

5. Hoton dijital ba ya yin yayyafi irin na dā; ko ya fito tas, ko ya daskare ya farfashe. In haka ta faru, matsar da eriyar kamar taki ɗaya, ka sake binciken.