Yadda ake hawa tsaunin Mambila a kan keke, kai kaɗai

Daga Jalingo zuwa Gembu tafiyar yini guda ce a mota. A keke kuwa, ka ware mako ɗaya, kada ka yi wa kowa alkawarin ranar isa. Hanyar ta bi ta Garba Chede da Bali da Serti, sannan Mayo Selbe, inda hawan gaske yake farawa, sai Maisamari da Nguroje, a ƙarshe Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba.

Da farko, zaɓi lokaci. Damina tana daɗewa a Mambila, hazo kuma kan rufe hanya har ba ka ganin abin da ke gabanka. Tsakanin Disamba da Fabrairu ya fi.

Na biyu, keken. Ba sai mai tsada ba, amma dole ya zama mai giya, kuma giyar hawa ta yi laushi sosai. Keken da ba shi da giya zai kai ka Serti lafiya lau, daga nan sai ka koma kai ne kake ɗauke da shi. Kai wa mai gyara ya sa sabbin robobin birki, ya duba sarƙa, ya ɗaure sifok. Ka zauna kusa da shi ka koyi faci da hannunka, domin a daji babu mai yi maka. Riƙe tif biyu, famfo, kayan faci, sifana da wayar birki.

Na uku, kaya. Ɗaure su a kariya, kada ka goya jaka, bayanka zai gaya maka tun ranar farko. Duk abin da ka ce "wataƙila zai yi amfani", bar shi a gida. Amma kada ka bar rigar sanyi. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, kuma kowace mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Wanda ya yi gumi a Bali zai yi rawar ɗari a Nguroje. Guzuri kuwa: dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, da ruwa aƙalla lita uku.

Na huɗu, tsarin yini. Tashi bayan asuba, ka tsaya in rana ta take, ka shiga gari kafin magariba. Kowace safiya ka tambayi direbobi a tasha yadda hanyar gaba take ta fuskar tsaro. In sun ce a dakata, dakata, ko ka ɗora keken a mota ka tsallake wurin, ba abin kunya ba ne. Ka sanar da wani a gida inda ka kwana. A ƙauye, fara da gaishe da mai gari. Fulatanci ya fi tafiya a yankin, ko gaisuwa kaɗai ka iya za ta buɗe maka ƙofa.

Ka huta yini guda a Serti. Nan ne ofishin gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda Chappal Waddi yake cikinsa, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419.

Sai hawan. Sa giya mafi laushi tun kafin tudun ya kama ka, ba bayan ƙafa ta sage ba, don canja giya cikin tsananin taka feda shi ke tsinka sarƙa. Zauna a sirdi, taka a hankali, daidai yadda za ka iya magana ba tare da haki ba. Kada ka ɗaga kai kana neman ƙarshen dutsen, kwanar hanya ɗaya kawai za ka ci, sannan ta gaba. Ci dabino kafin yunwa ta zo. In abin ya faskara, sauka ka tura.

A ganina gangara ta fi hawa haɗari, kuma ita ce mutane ke rainawa. In ka danne birki ba sassautawa, rim zai yi zafi har tif ya fashe. Matsa, saki, matsa, da birkin gaba da na baya tare, kuma ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Lokaci-lokaci ka tsaya ka taɓa rim ɗin da bayan yatsa. In ya ƙona ka, zauna a gefe ya huce. In ka ji hon ɗin babbar mota daga sama, ba ta hanya gaba ɗaya.