Ga tsofaffin hannu masu son dawowa fagen kiɗa

Jama'a, duk mai shirin tattaro tsofaffin abokan kiɗansa ya duba abin da Keith Morris ya yi. Shi ne mawaƙin farko na ƙungiyar kiɗa ta Black Flag, tun tashen punk, wani salon kiɗan rock mai sauri da zafi, a Amurka. A 2009 ya kafa sabuwar ƙungiya, OFF!, a Los Angeles, waƙoƙinsu da yawa ba su wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba.

Ku ma kada ku tsaya jiran kundi ya cika, waƙa uku sun isa buɗe shafi a Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu. Sai dai ku ɗora waƙoƙin a tsarin fayil na WAV ko FLAC, ba sa karɓar MP3, kuma suna cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa. Kafin ku ɗora komai, ku rubuta rabon kowa a takarda, har da mai ganga, kowa ya sa hannu.