Kafin ka zuba jikkarka a kirifto, ga abin da nake dubawa

Gyaran waya nake yi a kasuwar Katako nan Yamai, kuma da wuya rana ta faɗi wani bai miƙo mini wayarsa ba yana cewa, "Maigida, duba mini wannan, gaskiya ne ko damfara?" Amsar da nake ba su da jikka 150 na saye ta. Wani ɗan fadarmu ne ya kawo mana wani dandalin kirifto, wato kuɗin intanet, muka zuba, wata biyu muna kallon riba tana hawa a fuskar waya, ranar cirewa shafin ya ƙi buɗewa.

Ka fara da tambayar wanda ya kawo maka: ribar daga ina take fitowa? Shi Bitcoin, babba a cikin kuɗaɗen kirifto, tun da ya fito a 2009, bai yi wa kowa alkawarin ko dala ba. Adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba, farashinsa kuwa hawa da sauka ne. A Nuwamban 2021 ya kusa dalar Amurka 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 17,000. To abin da ke irin wannan tangal-tangal, ta yaya wani zai ce kullum zai ba ka riba tsayayya? Kuɗin wanda ya shigo bayanka ake ba ka. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi mai irin wannan alkawarin, ta yi da maƙwabtanmu na Najeriya har ta daskare a Disamban 2016, haka CBEX ta tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Idan ka ji ana ƙara maka kaso don ka jawo mutum uku, ka tashi ka kaɗe rigarka.

Sai gwajin cirewa. Zuba kaɗan, ka cire duka har ya zama sefa a hannunka. Amma kada wannan ya ruɗe ka, ni ma sau biyu suka biya ni kafin in zuba mai yawa. Ranar da aka ce sai ka biya "haraji" kafin a sakar maka kuɗinka, kada ka ƙara ko tamma. Ka kuma nemi lambar cinikin ka duba ta a kundin da kowa ke iya gani a intanet. OneCoin, wata harkar kirifto ta bogi da ta kwashi biliyoyin daloli, ba ta ma da irin wannan kundin, kuma shugabarta Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017.

Masu suka fa? Nan nake saɓawa da 'yan fadarmu, don su da sun ji suka sai su ce hassada ce ko rashin wayewa. Gaskiya akwai masu baki biyu. Jamie Dimon na bankin JPMorgan ya kira Bitcoin damfara a 2017, a 2019 bankin ya sanar da nasa sulallan na kirifto. Kawuna ma cewa yake kuɗin da ba ka riƙe a hannu iska ne, alhali ta waya ɗansa ke aiko masa da na cefane daga Agadas. Amma masu cewa a yi hattara da manyan kasuwannin kirifto ba su yi ƙarya ba: FTX ta rushe a Nuwamban 2022, mai ita Sam Bankman-Fried ya samu ɗaurin shekara 25. Ni dai mai sukar da zai nuna mini ta inda kuɗin ke zurarewa shi nake saurare. Mai yabon kuma nakan tambaye shi ko akwai abin da zai samu in na yi rajista ta hannunsa. Yawanci nan hira ke mutuwa.

Ka sani kuma sefa ce kuɗin da doka ta sani a ƙasar nan. Kuɗin haya da na buhun hatsi kada su shiga.

Kalmomi 12 ɗin nan da ake ba ka lokacin buɗe asusu, su ne mabuɗin kuɗinka, duk wanda ya gan su ya kwashe. Rubuta su a takarda ka ɓoye a gida. Sau nawa ake kawo mini waya gyara in tarar an ɗauke su hoto, suna nan cikin hotunan biki. Goge su kafin ka miƙa wa mai gyara, ko da ni ne.